Babin da Ake Bari Sai Ƙarshen Zango

Wata ranar Laraba bayan sallar Isha'i, ina zaune a ƙofar gida a nan Gyaɗi-Gyaɗi, a daidai lokacin da ƙugin motocin titin Zariya yake fara lafawa, sai ɗan ƙanena, wanda yake ajin ƙarshe na sakandare yana shirin jarrabawar WAEC, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wata tsohuwar takardar tambayoyi ya ce, "Baffa, wannan ce ta gagare ni." Tambayar kuwa irin wadda duk wanda ya zauna ajin lissafi ya sani ce: jaka ce da ƙwallaye 8 a cikinta, 5 jajaye, 3 farare, aka zura hannu ba tare da dubawa ba aka ciro biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba a mayar da ta farkon ba, ana son a faɗi gwargwadon yiwuwar su fito farare duka biyun. Yaron yana da kai, ya kuma haddace ƙa'idar tsaf, har ya karanto mini ita da Turanci bai yi tuntuɓe ba. Amma da na tambaye shi dalilin da ya sa lambar ƙasa ta sauko daga 8 zuwa 7 a karo na biyu, sai ya sunkuyar da kai, ya ce haka dai malam ya rubuta a allo.

Na aiki ƙaninsa wurin mai tebur na bakin layi ya sayo goro, ja 5, fari 3, na cire hulata na zuba su a ciki na girgiza, na ce masa ya ɗauki ɗaya kada ya duba. Allah ya sa fari ya fito. Na karɓa na ɓare na jefa a baki, sannan na ce, "To, nawa suka rage a hula?" Ya ce, "Bakwai, Baffa." Na ce, "Farare nawa?" Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya, fuskarsa ta washe, domin abin da ya yi makonni yana haddacewa ya gan shi da idonsa: goron da aka ci ba ya komawa hula. Daga nan muka bi abin a hankali, cewa hannu na farko yana da hanyoyi 8, kowace ɗaya kuma tana buɗe wa hannu na biyu hanyoyi 7, jimla 56, waɗanda 6 ne kacal daga cikinsu suke ba da fari da fari, wato 3 bisa 28. Da kuwa an mayar da goron farko an sake girgizawa, da amsar ta zama 9 bisa 64. Duk wannan bai ɗauke mu minti 15 ba.

Abin da ya faru a daren nan shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na daɗe ina lura da cewa a cikin dukkan babobin lissafi da ake koyarwa a makarantunmu na sakandare, babu waɗanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar babin ƙididdiga da ɗan'uwansa babin ihtimali, wato lissafin yiwuwar aukuwar abu, alhali kuwa babu waɗanda ɗan Kano zai fi bukata kamar su bayan ya ajiye rigar makaranta. A iyakar abin da na gani ga 'ya'yana da na maƙwabta, akan bar su sai ƙarshen zango, lokacin da malami ya gaji, jarrabawa ta ƙarato, sai a rubuta ƙa'idoji uku ko huɗu a ce a kwafe, a warware misali biyu a gurguje, a ce sauran sai a gida. Ba na ɗora wa malamai laifin duka, domin wanda aka ba aji cike da yara har bakin ƙofa, da manhaja mai tsawo, da minti 40, ba zai yi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai ya kamata mu tuna cewa mafi yawan waɗannan yara ba za su sake karo da lissafin kusurwoyin alwatika ba har ƙarshen rayuwarsu, amma da wuya su yi mako guda wani bai kawo musu lamba yana neman su gaskata ba, ko bai kawo musu zato yana neman su ɗora kuɗinsu ko lafiyar zuriyarsu a kansa ba.

Sababi na farko na wannan rauni, a ganina, shi ne kayan da ake buga misali da su. Littafi ya ce a wurga kwabo sama a ga fuskar da za ta bayyana, alhali yaron an haife shi ne bayan kuɗin ƙarfe sun daina yawo a kasuwa. Ya ce a zaro ɗaya daga karta 52, alhali a gidan mutunci wanda aka kama da karta sai ya sha faɗa, sai ka ga yaro ya ƙarar da rabin ƙarfinsa wajen haddace gidajen karta da launukansu tun bai kai ga lissafin ba. Sababi na biyu shi ne harshe, domin mas'alolin wannan babi duk a rataye suke a kan wasu 'yan ƙananan kalmomi masu ma'anar "ko", da "duka", da "aƙalla", da "bai wuce", kuma yaron da aka ce masa da Hausa ya kawo aƙalla mutum ɗaya ya san cewa idan ya kawo uku bai yi laifi ba, amma idan ya gamu da ibarar nan da Turanci a zauren jarrabawa, ga agogo yana gudu, sai ta zame masa duhu. Ina kyautata zaton da yawa daga waɗanda suke rasa makin wannan tambaya a WAEC ko NECO ibarar ce take kayar da su tun kafin su taɓa lissafin.

Akwai kuma wani sababi da ba a cika faɗarsa a fili ba, wanda na ji daga bakin wani dattijo maƙwabcina, mutum mai karatu da tsantseni, bayan ya tarar da jikansa yana jefa ɗan ludo yana rubuta lambobi, yaron ya ce masa aikin gida aka ba su. Ya tare ni muna fitowa daga masallaci ya ce, "Malam, ashe yanzu har caca ake koya wa yara a boko, a kuma ce musu za su iya lissafa abin da bai auku ba? Ai gaibu na Allah ne." Ban raina maganarsa ba, kuma bai kamata kowa ya raina ta ba, domin tana da madogara. Gaskiya ne cewa wannan fanni, a surar da ya iso mana daga Turai, a teburin caca ya fara tsayawa da ƙafafunsa, lokacin da wasu masana biyu na Faransa, Pascal da Fermat, suka yi musayar wasiƙu a shekarar 1654 a kan yadda za a raba kuɗin da 'yan caca biyu suka zuba idan wasansu ya katse bai kai ƙarshe ba. Gaskiya ne kuma cewa a ƙasarmu kalmar hisabi ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da duba da bugun ƙasa, ta yadda mumini mai kishin aƙidarsa yana da uzuri idan ya ji ana maganar lissafa gobe ya ja baya.

Amsar da na ba shi daga littattafan da shi kansa ya karanta a zaure na ɗauko ta. Malaman usulu sun kasa sanin ɗan Adam matakai huɗu: yaƙini, inda babu wata fuska ta biyu, zanni, inda fuska ɗaya ta rinjayi 'yar'uwarta, shakka, inda fuskokin biyu suka yi daidai wa daida, da wahami, wato fuskar da aka rinjaya. Ilmin ihtimali ya ɗauki wannan tsani ne ya yi masa ma'auni, ya ba yaƙini lamba 1, ya ba mustahili 0, ya ajiye shakka a kan rabi, ya bar zanni da wahami su bazu a sama da ƙasa da ita, kowanne gwargwadon ƙarfinsa. Mai duba yana da'awar sanin abin da zai sami wane gobe, wannan kuwa shi ne abin da shari'a ta yi hani da shi. Amma mai lissafin ihtimali farkon abin da yake furtawa shi ne bai sani ba, sannan ya auna girman rashin sanin nasa. A kan rinjayen zato alƙali yake yanke hukunci idan adilai biyu suka ba da shaida, a kansa majinyaci yake ajiye azumi idan ya ga zai cutu, a kansa matafiyi yake fuskantar alƙibla a daji. Ƙuri'a kuwa, wadda ita ce uwar wannan babi, Alƙur'ani ya ambace ta a ƙissar Nana Maryamu da ta Annabi Yunusa, ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin iyalansa idan zai yi tafiya, har Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta yi maganar rabon dukiya da ita. Adalcinta kuwa ba a ko'ina yake ba sai a cewa kowane suna a cikin ƙwarya rabonsa daidai yake da na ɗan'uwansa, wanda shi ne darasin farko na ajin. Haka nan fuƙaha'u da suka hana cinikin garari, kamar sayar da kifi a ruwa ko tsuntsu a sama, sannan suka yafe garari kaɗan da ciniki ba ya rabuwa da shi, ai awo suka yi tsakanin kaɗan da mai yawa, ko da ba su rubuta shi da lamba ba.

Ban tsaya nan ba, na tuna masa cewa ƙirga hanyoyi, wanda muka yi da goro, ba baƙo ba ne a gidan ilminmu. Khalil ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, ya gina ƙamusunsa ne a kan jujjuya haruffa, ya nuna cewa harafi 3 suna jeruwa hanyoyi 6, harafi 4 hanyoyi 24, harafi 5 hanyoyi 120. Al-Kindi na Bagadaza, a ƙarni na 9, ya ƙirga yawan maimaituwar kowane harafi a rubutun Larabci, ya yi amfani da hakan wajen warware wasiƙun asiri, wanda aikin ƙididdiga ne tsantsa. Ibn Mun'im na Marrakesh, a ƙarni na 13, ya lissafa tuntaye nawa za a iya haɗawa daga zaren alharini mai launi 10. Mu ma nan muna da Muhammad ɗan Muhammad Bafillatani Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda masana tarihin lissafi suke ambatonsa har yau saboda hanyoyin da ya bayyana na jera lambobi a hatimi. Kuma malamin da yake raba gado, ya fitar da asalin mas'ala daga 24, ya ga rabon mata da 'ya'ya mata biyu da iyaye ya haura, ya yi aulu zuwa 27, wane lissafin ɓangare ne a takardar jarrabawa zai ba shi tsoro? Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, ya ce zai duba. Daga baya na ji bai hana jikan nasa aikin ba.

Amma hujjata mafi nauyi ba a littafi take ba, tana nan gefen titin Zariya. Daga unguwarmu zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda muke kira Asibitin Malam, tafiyar ƙafa ce, kuma duk wanda ya taɓa kwana a can yana jinyar yaro mai amosanin jini, wato sikila, ya ji kukan da ciwon ƙashi yake sa yaro ya yi da tsakar dare, ya ga uwa tana shafa masa gaɓoɓi ba ta da abin da za ta iya, ba zai ɗauki wannan magana da wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto na 2006, ta ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon wannan ciwo, kuma ana haihuwar yara kimanin 150,000 da shi a ƙasar kowace shekara. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, har da gwajin rukunin jinin gado, kuma wannan mataki ne abin yabo. To amma takardar gwaji haruffa biyu kawai take ba mutum, kamar AA ko AS ko SS. Fassara su zuwa shawara kuwa aikin wannan babi ne da muke bari sai ƙarshen zango.

Idan miji AS ne, mata ma AS ce, kowannensu yana miƙa wa ɗa harafi ɗaya daga cikin biyunsa, sai ƙofofi huɗu su buɗe daidai da juna: A da A, A da S, S da A, S da S. Ta ƙarshen ita ce ciwon, wato 1 cikin 4. Wannan kusan kowa ya ji shi. Inda ɓarnar take shi ne fahimtar da aka yi masa, domin na ji da kunnena wata 'yar'uwarmu, mace mai hankali wadda ta gama sakandare, tana lallashin kanta bayan ɗanta na fari ya zo da ciwon, tana cewa ai tunda ɗaya cikin huɗu aka ce, to ukun da za su biyo baya sun tsira. Wasu kuma na ji suna cewa sai ɗa na huɗu ne yake zuwa da shi, don haka za su tsaya a uku. Dukkansu sun ɗauka goron da aka ciro an cinye shi, alhali a wannan mas'ala mayar da shi ake yi cikin hula a sake girgizawa: kowane ciki sabon farawa ne, bai san abin da ya sami wanda ya gabace shi ba. Wanda ya gane wannan zai iya bin lissafin da kansa. Yiwuwar ɗa guda ya kuɓuta 3 bisa 4 ce. Yiwuwar 'ya'ya 4 su kuɓuta gaba ɗaya 81 bisa 256 ce, wajen kashi 32 cikin 100, ma'ana a irin waɗannan gidaje kusan 68 cikin 100 za su sami aƙalla ɗa ɗaya mai ciwon. Idan 'ya'yan sun kai 6, wanda a garin nan ba a kiransa yawa, adadin ya haura zuwa kusan 82 cikin 100. Haka kuma idan aka kawo masa labarin su wane, da suke AS da AS amma suka haifi 5 lafiya lau, ba zai ƙaryata ba, domin lissafin da kansa ya nuna cewa kusan gida 1 cikin 4 haka za su dace; sai dai zai san cewa labarin gaskiya ne amma bai isa hujja ba, domin sauran gidaje ukun ba su ne ake kawowa misali a zaman neman aure ba.

Ba ina cewa lamba ita za ta zaɓa wa mutum abokin zama ba, ba kuma ina rage wa masu ɗauke da wannan lalura daraja ba, domin a cikinsu akwai malamai da likitoci da iyaye na gari. Abin da nake nema shi ne saurayi da budurwa da waliyyansu su yanke shawara ido buɗe. Wanda kuma ya ga kamar wannan ja-in-ja ne da ƙaddara, ya tuna da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba a hanya, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, bai kuma ɗauki juyawar a matsayin fita daga ƙaddarar Allah ba.

Sai kuma cacar ƙwallo, wadda ta ci samarinmu ta hanyar wayar hannu. Hukumar Hisba ta rufe shagunanta da dama a Kano a 2024, amma shagon da yake cikin aljihu ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo, kuma wa'azi, duk da wajabcinsa, yakan tarar da yaron ya riga ya gaya wa kansa cewa shi ba sa'a yake bi ba, sanin ƙwallo ne. A nan ne na ga fa'idar malamin lissafi a matsayin mataimakin mai wa'azi. Wanda ya jera wasanni 10 a tikiti ɗaya, idan a kowane wasa cin sa da faɗuwarsa daidai suke, rabonsa 1 ne cikin 1,024. Ko da gwani ne da yake dacewa sau 2 cikin 3, rabonsa kusan 1 ne kacal cikin 58. Abin da ya fi wannan kama zuciya shi ne maganar da kullum suke yi a majalisa, cewa wasa ɗaya tak ya ɓata musu, saura ƙiris. Alhali a misalin farko hanyoyin dacewa da 9 a kuskure 1 guda 10 ne, hanyar dacewa da duka kuwa 1 ce, wato wannan saura ƙiris ɗin ya ninka cin sau 10, a cikin ginin wasan yake, kuma shi ne ƙugiyar da take dawo da mutum gobe. Hoton wanda ya ci shi ake yaɗawa, sauran da suka yi asara kuwa kowa ya haɗiye tasa. Yaron da aka sa ya fitar da waɗannan lambobi da hannunsa yana ɗan shekara 15, na fi sa rai ya riƙe kuɗinsa fiye da wanda aka tsoratar kawai.

Ita kuwa ƙididdiga, 'yan kasuwarmu sun riga littafi saninta. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu, ƙarfen nan mai rami yake sokawa a sama da tsakiya da ƙasa, domin ya san mai kaya yakan ɗora mai kyau a baki. Uwargida ba ta ɗanɗana miya sai ta juya tukunya. Wannan shi ne dukkan sirrin ɗaukar samfuri, kuma yaron da aka fara masa daga nan, idan ya ji an ce bincike ya nuna ra'ayin Kanawa kaza, zai tambaya wa aka tambaya, a ina, su nawa, an kuwa juya tukunyar? Haka matsakaici: idan masu adaidaita sahu 9 suna samun Naira 5,000 kowannensu a yini, sai wani attajiri mai samun Naira 255,000 ya zauna a bencinsu, matsakaicin samun mutum 10 ɗin ya zama Naira 30,000, lambar da ba ta yi ƙarya ba amma ba ta siffanta ko mutum ɗaya a bencin ba, alhali adadin tsakiya, idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba, yana nan a 5,000. Yara suna haddace ma'anar waɗannan ma'aunai don jarrabawa, amma ba a cika gaya musu wanne ne mai son ruɗin jama'a yakan zaɓa ba.

Mu kuwa al'umma ce da lamba ta daɗe tana haddasa mata rigima. An soke ƙidayar 1962, aka sake ta a 1963, aka soke ƙidayar 1973, ta 2006 kuma, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, ta bar musu da har yau bai mutu ba. A wannan ƙidayar an rubuta wa Ƙaramar Hukumar Tarauni mutum 221,367, kuma jaririn da aka haifa a shekarar ya riga ya gama sakandare, alhali duk mai ido ya ga yadda Darmanawa da Unguwa Uku da Hotoro suka cika suka batse tun daga lokacin. Da wace lamba za a san azuzuwa nawa ake bukata, da gadajen asibiti nawa?

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin kuɗi. Shugabannin makarantu su matso da wannan babi farkon zango, lokacin da kai yake sabo. Malami ya shigo da goro ko wake fari da ja a cikin kwano, ya yi bayanin farko da Hausa har sai ma'ana ta zauna, sannan ya ɗora kalmomin Turancin da jarrabawa za ta tambaya, domin mai ma'ana a zuci haddar lafazi ba ta yi masa wuya. A raba yara rukuni-rukuni, waɗansu su riƙa rubuto farashin kwanon gero a kasuwar Tarauni kowace Juma'a har zango ya ƙare, waɗansu su ƙirga adaidaita sahu nawa suke wucewa ta mahaɗar titin Kotu cikin minti 10 da safe da kuma da rana, su zo aji su zana jadawalinsu, su yi gardama a kan abin da ya nuna. Masana harshe na Jami'ar Bayero da malaman lissafi su zauna su daidaita mana kalmomin fannin, domin kada kowane malami ya riƙa ƙirƙiro nasa. Malamin da yake koyar da gadon halitta a ajin kimiyya kuma ya haɗa kai da na lissafi su koyar da mas'alar AS da AS a mako ɗaya, ga maza da mata baki ɗaya, tun kafin maganar aure ta taso.

Bayan mako guda da daren goro, ɗan ƙanen nan nawa ya dawo da wani littafin rubutu da ya cika da 'yan layuka, ba wanda ya sa shi. Ya ce ya ari ɗan ludon ƙannensa ya jefa sau 300, yana sa ran shida za ta fito sau 50 tunda fuskokin 6 ne, amma sau 44 ta fito, yana so ya san ko littafin ne ya yi kuskure ko ɗan ludon ne yake da aibi. Na gaya masa cewa wannan tambaya tasa wani masani na ƙasar Suwizalan, Jacob Bernoulli, ya yi shekaru yana fama da irinta, har aka buga amsarsa a 1713 bayan rasuwarsa, cewa gwargwadon yawan jifa gwargwadon yadda rabon yake kusantar 1 cikin 6, ko da yake ba dole ne ya sauka a kansa cif ba. Ya ce, "Baffa, to sau nawa zan jefa kafin in san ko ɗan ludon ne?" Na ce ya tara ƙannensa huɗu, kowa ya yi 300, ya haɗa duka ya kawo mini ranar Juma'a. Ya naɗe littafinsa ya shiga gida yana ƙwala wa ƙaramarsu kira.